Masu Dubiyar Baba

Ranar wata Laraba cikin damina, ina aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da Baba zaune a gindin mangwaron gidanmu a Orozo, ya dafe haƙarƙari, numfashi na fita da ƙyar. Kwana huɗu ke nan da ruwa ya yi masa duka a gonar doya, ya ƙi fakewa sai ya gama noma. Inna ta dafa citta da kanumfari, ta shafa masa man zafi, wanzami ma ya zo ya yi ƙaho, duk a banza. A bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti. Likita ya ce nimoniya ce ta kama huhu, aka ba shi gado, aka ɗaura ruwa, aka sa masa robar iska ta rufe hanci da baki.

Inna na goyo, ga girki ga awaki, don haka ni ce mai jinya da rana. Na bar carafke da 'yar gala-gala, na koma wanke kwano da fifita. Amma wallahi ciwon bai gajiyar da ni kamar 'yan dubiya ba. Kai ka ce shela aka yi! 'Yan masallaci, masu sayar da rake, maƙwabtanmu Gwarawa, 'yan garinmu masu tura baro a kasuwa, kowa da ledar lemu. Shi kuwa Baba, a wurinsa amsa gaisuwa da baki a rufe raini ne. Duk wanda ya yi sallama sai ya zare robar nan, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, har jakin mutum sai ya ji lafiyarsa. Kafin baƙo ya ce Allah ya ƙara sauƙi, leɓen Baba ya yi duhu.

A kwana na uku ya sume a tsakiyar gaisawa da liman. Wata nas 'yar Filato ta kore kowa, ta kama kafaɗata ta ce, "Kai yarinya, idan kana son babanka ya fita da ƙafa, ka tsaya a ƙofa." Na tsaya kuwa. Ni da ban taɓa gaida babba a tsaye ba, na buɗe hannuwa na tare Kawu Sale, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya?" Ina kuka ina cewa barci yake. Kwana tara ina wannan ƙarya, ina karɓar lemu ina shan harara.

Baba ya warke. Kuma kun san me ya fara yi? Ko godiya bai yi mini ba. Ya ɗauki sanda, yana haki, ya bi gida gida yana ba da haƙuri kan rashin kunyata. Na yi wata guda ina jin haushinsa, a unguwa kuma sunana ya koma Soja.

Bara ciwon ya sake kwantar da shi, ya tsufa tukuf. Na kai shi wani asibiti a cikin gari, ɗaki shi kaɗai, tsit. Gonakin Orozo yanzu gidaje ne, Kawu Sale da liman sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuwa saƙon murya suka yi ta turowa a wayata. Babu wanda zan tare. Likita har yabonsa ya yi, wai bai taɓa ganin dattijo mai bin doka haka ba, kwana biyar aka sallame mu.

A mota, muna hanyar gida, ya juyo ya ce, "Wa da wa suka zo ina barci? Faɗa mini in je in yi musu ban-gajiya." Na riƙe sitiyari da kyau, na fara jero masa sunaye. Ban taɓa yin ƙaryar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.