Malamin da Ya Ce a Miƙa Bindigogi

Ina sito a unguwar Khumra, nan Jidda, bayan la'asar, muna sauke buhunan shinkafa, wayata ta yi ƙara. Sa'adiyya ce, 'yar Ustaz Haruna. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Yaya Sale, Baba ya cika." Na yi salati na zauna a kan buhu. Direba yana ta "yalla, yalla", ni kuwa ban ko waiwaye shi ba.

Ustaz Haruna shi ya koyar da ni tarihi a sakandaren garinmu na bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka, zaman ya zama na dindindin. Dogo ne siriri, ba ya dariya a aji, ba ya duka. Harshensa ya ishe shi bulala. Amma duk ɗalibin da ya yi fashin kwana biyu, zai gan shi a ƙofar gidansu da yamma, ya zo jin dalili.

Darasin da ya fi so shi ne na Rumawa. Ya ce kada mu ɗauka kaifin takobi kaɗai ya ba su duniya. In sun ci gari da yaƙi, samarinsa suke nema, su zuba su cikin runduna, su tura su cin garin gaba. Yakan ce, "Da ɗan maƙwabcinka za a ci ka, da ɗanka za a ci na gaba da kai." Ya ba mu labarin Ƙartaj, birnin bakin teku a ƙasar Tunisiya ta yau. Rumawa suka ce a ba su 'ya'yan manya jingina, aka bayar. Suka ce a miƙa makamai, aka miƙa. Sai da hannu ya zama wayam suka ce a fice, za su rushe birnin. Ƙarshenta suka ƙone shi, suka sayar da waɗanda suka rage bayi.

Na ɗaga hannu na ce, "Ustaz, to me ya kamata su yi?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wanda ya ce ka ajiye wuƙarka kafin ku yi magana, ya gama maganarsa. Wawa ne ke miƙawa."

Bayan ya yi ritaya ya zo Jidda aikin ido, ya sauka wajen Sa'adiyya da mijinta a unguwar Ruwais. Yana nan yaƙi ya ɓarke a gida, hanya ta rufe. Ɗansa namiji tilo, Bashir, yana can yana noma, da matarsa da yara uku.

Wata Juma'a muna cin abinci bayan masallaci, limamin garinmu ya kira. Ustaz ya buɗe muryar wayar don in ji. Liman ya ce 'yan bindiga sun tsaya a bakin gari. Sun ba da wa'adi zuwa gobe: a tattaro bindigogin da matasa ke gadi da su, ba za su taɓa kowa ba. Gari ya rabu biyu, aka yarda a tambayi Ustaz, tunda rabin masu gardamar ɗalibansa ne.

Ustaz ya ajiye lomar da ke hannunsa. Can ya ce, "Bashir yana cikin masu gadin?"

"Shi ne a gaba," in ji liman.

"Ku ba su."

Na ce, "Ustaz..."

"Yi shiru, Sale. Ba aji muke ba."

Aka miƙa. Bayan kwana huɗu 'yan bindigar suka dawo, ranar kasuwa. Suka ware samari suka loda a motoci. Waɗanda suka ƙi hawa, aka kai su bakin kogi aka harbe, aka hana iyayensu ɗaukar gawa sai washegari. Bashir ya hau. Bayan wata biyu wani ya rantse ya gan shi a wani gari da bindiga a kafaɗa, cikin masu fasa gidajen mutane. Wani kuma ya ce tun a hanya aka kashe shi. Da na kai wa Ustaz labaran biyu, sai ya ce, "Ban san wanne zan roƙi Allah ya zama gaskiya ba."

Hajiya Amna, 'yar garinmu mai sayar da turaren wuta a nan Jidda, 'ya'yanta biyu suna cikin na bakin kogi. Ranar da muka je mata ta'aziyya, ta fito daga ɓangaren mata ta tsaya a kansa a gaban jama'a.

"Kai ka karantar da su, kai ka miƙa su. Da baki ɗaya! Naka yana can yana cin abinci, nawa karnuka sun kwana a kansu. Tashi ka bar mini gida."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, Hajiya." Ba wanda ya raka shi sai ni.

A mota na yi ƙoƙarin rarrashinsa. Na ce ko da an ƙi miƙawa, bindiga nawa ce, da garin duka za su ƙone.

Ya ce, "Wataƙila. Amma ba gari na duba ba da na yi magana. Mutum ɗaya na duba. Halas, ya isa, kada ka wanke ni da ruwan da ba nawa ba."

Tun daga nan bai ƙara ba kowa labarin tarihi ba, ko jikokinsa. Mutanen da a da suke tashi su ba shi wuri suka koma miƙa masa yatsu biyu suna kallon gefe, bai taɓa kai ƙara ba. Kowace Juma'a sai ya sa in kai shi gidan Hajiya Amna. Ya hau bene hawa uku yana haki, ya yi sallama sau uku, ya juyo. Muna jin motsinta a ciki. Ba ta taɓa buɗewa ba. Bai fasa ba sai da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa.

Mun yi masa salla bayan azahar ranar Laraba, sahu biyu bai cika ba. Hajiya Amna ba ta zo gaisuwa ba, ba ta aiko ba, kuma ba ni da bakin ganin laifinta.

Allah Ya jiƙan Ustaz Haruna, Ya yafe masa abin da bai yafe wa kansa ba. Allah Ya jiƙan samarin bakin kogi, Ya sanyaya zuciyar iyayensu. Allah Ya ba Sa'adiyya haƙuri, Ya raya 'ya'yan Bashir. Shi kuwa Bashir, in ya riga mu, Allah Ya yi masa rahama. In yana raye, Allah Ya raba hannunsa da jinin mutane, Ya dawo da shi ya tsaya a kan kabarin ubansa. Amin.