Tafin Hannun Kakana

Kakana da tafin hannu yake ji. Kunne ɗaya ya baro shi a yaƙin kudu tun yana saurayi, ɗayan kuma injinan gurzar auduga na Wad Madani suka cinye a shekarun da ya yi yana yi musu bauta. Ba a sallame shi ba, don shi kaɗai ne zai ɗora hannu a jikin inji ya ce ga inda ciwon yake. Da ya dawo ƙauyenmu kusa da Sinja, haka ya ci gaba da yi mana: in kana magana sai ya dafa maka ƙirji, wai yana sauraro. Amaryarsa yake kirana, ni kuma in ce masa ragon miji, ya haura casa'in bai taɓa saya mini ko zobe ba. Tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa ni nake juya shi, ni nake dama masa kunu.

Ranar da yaƙi ya iso mana, da hantsi, yana kwance a gindin dalbejiya, hannunsa a ƙasa. Ya kira ni ya ce motoci ne masu nauyi ke tafe, da yawa, kuma ba na noma ba ne. Na yi masa tsiya, na ce tsufa ne. Har yau ina cizon yatsa, domin da na yarda da mun riski motar maƙwabta. Kafin azahar kowa ya ji da kunnensa, gari ya watse.

Mazan gidanmu suna can wurin ƙwadago, hanya ta rufe da su. Amalanken jaki kawai ya rage mana. Muka ɗora mahaifiyata da ba ta gani, da ƙanwata mai tsohon ciki, sannan Kaka. Jakin ya yi taku kaɗan ya durƙusa. Muka sauke buhun dawa, ya sake durƙusawa. Na doki dabbar nan har sanda ta karye, Allah ya yafe mini. Na goya Kaka da zanena, ko bakin magudanar ruwa ban kai ba muka faɗi tare.

Ya ce a mai da shi inuwa. Na ƙi. Na yi ta yi masa ihu duk da na san ba ya ji, na ce in zai zauna ni ma zan zauna. Sai ya jawo ni ya dafa ƙirjina, ya saurara yadda yake yi wa inji.

"Kalas, ya isa haka, amarya," ya ce. "Wanga inji da sauran aiki gare shi. Ni na gama nawa. Ki tahi da su."

Na ajiye masa tulun ruwa da dabino, na sa masa likkafaninsa a ƙarƙashin kai yadda ya nema. Tsorona ya fi ƙarfin sona, ba zan ɓoye ba. Da na waiwaya daga kan hanya, hannunsa yana shimfiɗe a ƙasa, yana jin tafiyarmu.

Sai bayan watanni muka dawo. Wani maƙwabci da ya riga mu dawowa ne ya binne Kaka a nan gindin dalbejiyar, bai san kwana nawa ya yi da rai ba. In na je wurin nakan ɗora tafin hannuna a kan ƙasar in jira. Ni ban iya ba, ba na jin komai.