Motar da Ta Gurfana a Hanyar Tozai

Ni dai ban sayi motar nan don a gan ni ba, ko da yake an gan ni, kuma ban ji haushi ba. Saboda ciwon bayan Inna na saye ta. Inna, wadda ta haife ni, tana gidanmu na Unguwar Lalle, yayarta kuma, da muke ce wa Inna Babba, aure ya kai ta Tozai tun kafin a haife ni. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Da can Inna kan hau bayan babur ta tafi, ni ma na sha kai ta lokacin da nake kabu-kabu, kafin Allah Ya buɗa mini a fataucin wake da gero. To, tsufa ya zo da ciwon baya, girgizar babur ta gagare ta. Motar haya kuwa, da ake cusa mutum kamar buhu, ba a ma maganarta. Ita ma Inna Babba ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Sai suka koma gaisawa ta waya, kowace na ɗaga murya don ɗayar ba ta ji sosai. In an gama, Inna ta ajiye wayar ta ce, "Murya dai ba ganin ido ba ce." Wannan magana ita ta kai ni Sakkwato, kamfanin sayar da motoci.

Na zaɓi baƙa, sabuwa dal, kujerunta cikin leda. Ba a murɗa mata makulli, maɓalli ake dannawa. Kujerar baya har tausa take yi. Amma abin da ya saye ni shi ne da mai tallar ya ce motar a kan jakunkunan iska take zaune, ko kofin shayi na ɗora in bi ramuka ba zai zube ba. Na ce masa, "Malam, ni ba shayi za ni ɗauka ba, tsohuwa za ni ɗauka." Ranar da na shigo da ita gari aka yi addu'a, aka raba goro da masa, abokaina na kasuwar Sabon Birni suka zagaye ta suna shafawa, ni kuwa ina hana su.

Cikin bazara ne muka shirya tafiya Tozai. Inna ta ƙulla daddawa da kuka da turmin atamfa, ta shiga baya, na kunna mata sanyi. Muna fita gari ta gyara zama ta ce, "Kai, wagga aba awa bisa katihwa!" Wallahi daɗin da na ji a lokacin ya fi daɗin ranar da na saye ta.

Mun bar kwalta mun shiga hanyar ƙasa, rana ta take, sai motar ta fara kuka, ƙit-ƙit-ƙit. Fitilu suka kunnu a gabana, ja da rawaya, ga rubutun Turanci na wucewa. Na taka mai, ta ƙi ja. Can na ji huci daga baya, gindinta ya sauka, gaba ya bi, ta gurfana a tsakiyar hanya kamar raƙumi, injin ya mutu. Na taɓa ƙofa ta ƙi buɗewa, gilashi ya ƙi sauka. Nan da nan sanyin ya gudu, zafi ya rufe mu. Inna sai salati. Kowa ya san hanyoyinmu a 'yan shekarun nan ba wurin tsayawa ba ne, ballantana da irin wannan mota. Na yi ta lalube, zufa na shiga mini ido, da ƙyar na gano wani ɗan hannu a ƙasan ƙofa na ja, ta buɗe.

Waɗanda suka taimake mu manoma ne masu kai taki gona. A amalanken shanunsu, kan ragowar taki, aka shimfiɗa wa Inna atamfar da za ta kai tsaraba, aka kai ta ƙauyen da ke kusa, daga nan aka san yadda aka yi ta koma gida. Na bi amalanken a ƙasa, da babbar rigata, makullin mota na lilo a hannuna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Inna ta kwanta jinyar baya, da na shiga gaishe ta ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Allah shi yi ma albarka, amma ni ba ni ƙara shiga akwatin ga."

Abin haushin, da motar ta huce, dannawa ɗaya na yi ta tashi, ta miƙe kan ƙafafunta kamar ba ita ba. Na kai ta Sakkwato. Suka jona mata kwamfuta suka ce lafiyarta ƙalau, wataƙila man 'yan bumburutu na zuba mata. Ni da ko ruwan wanke ta sai na tace! Na dawo da ita, ta sake gurfana mini a hanyar wata kasuwa. Na mayar, suka canja batir. Ta sake. A kasuwar Sabon Birni kuwa na zama abin nishaɗi, ina fitowa za ka ji an ce, "Alhaji, ina raƙumar? Ko tana kiwo?" Wasu suka ce in kai ta garejin gari a kwance ta. Na ƙi, don an gaya mini ranar da wani ya sa mata sifana garantin kamfani ya tashi. Ana cikin haka aka aiko daga Tozai cewa jikin Inna Babba ya ƙara rauni, kuma kullum tambayarta ɗaya ce: yaushe ƙanwarta za ta zo.

Da wannan saƙo a zuciyata na koma kamfanin, kuma ranar na yi masifar da har masu gadi suka leƙo. Ina cikin buga teburi sai ga wani mutum ya fito daga ofishin ciki, gajere, mai tumbi, da rigar aiki. Shi ne shugaban masu gyara. Ya tsaya yana kallon tsagen da ke fuskata, daga gefen baki har kunne. Sai ya tuntsire da dariya, ya ce da Hausa tas, "Haba! Na ce wane ne ke tayar mana da hankali, ashe bawana ne. Bagobiri, wa ya ba ka izinin sayen mota ban sani ba?"

Bayarabe ne, haihuwar Arewa. Ai kuwa sai fushin ya zube mini, don Bagobiri ba ya fushi da Bayarabe, abokin wasa ne tun kaka da kakanni, duk abin da ya faɗa maka sai dai ka rama. Na ce, "Yau ga ikon Allah, bawa ya ga ubangijinsa bai durƙusa ba. Manja ya toshe maka ido ne?" Yaran gareji suka fashe da dariya. Ya ja mini kujera, aka kawo ruwa, karo na farko a gidan nan wani ya zauna ya saurare ni tun daga farko har amalanken taki.

Ya ce ya yarda da ni, amma kwamfuta ba ta nuna masa abin da zai kama ba, kuma ba ya gyaran abin da bai gani ba. Na ce, "To, saurara. A kara, kasuwar shanu, in aka ce sa yana ɗingishi sai an ɗaura masa garma, ba a turke ake duba shi ba, gona ake zuwa. Motar ga ba ta ciwo bisa kwalta cikin inuwa. Taso mu je inda take faɗuwa." Ya fara kame-kame, wai kamfani ba ya fita da ma'aikata, wai kuma hanyarmu ana faɗin abubuwa. Na juya wajen yaransa na ce, "Ku shaida. Dama an ce Bayarabe ko kaza ta yi fiffika bayansa sai ya zubar da hula." Wurin ya kaure. Ya miƙe yana nuna ni da yatsa, "Ni? Ni za ka yi wa gori gaban yarana?" Na rage murya na gaya masa gaskiya, cewa ranar kasuwa za mu bi ayarin motoci da rana tsaka, kuma shi baƙona ne, amanarsa na wuyana. Na kuma gaya masa zancen tsofaffin nan biyu. Sai ya ce zai nemi izini.

Ya zo. Na zaunar da shi gaba da kwamfutarsa bisa cinya, igiyarta jone da motar, muka hau hanyar Tozai lokacin da rana ta fi zafi. Kun san halin abin duniya? Motar nan ta yi ta tafiya sumul. Muka wuce wurin da ta kayar da ni, ko tari ba ta yi ba. Na juya muka dawo, na sake juyawa, ina neman ramuka da gangan. Shi kuwa ya miƙe ƙafa yana cewa, "Ka dai so ka yawata da ubangidanka ne." Ban kula shi ba, addu'a nake a zuci, kuma ina jin ni ne mutum na farko da ya roƙi Allah motarsa ta lalace. Can sai ƙit-ƙit-ƙit, fitilu suka kunnu, ta yi huci ta gurfana. Na ja ɗan hannun nan na yi waje ina kabbara, ina cewa, "Ga ta nan! Ga ta nan!" Manoman da ke gefen hanya suka saki baki suna kallon Alhajin da motarsa ta mutu yana murna.

Bayaraben ya bar wasa. Ya duba kwamfutar, ya tuɓe rigar sama, muka ɗaga motar da jak ya shige ƙarƙashinta kan ƙasa mai zafi. Ya daɗe yana bin wayoyi da hannu, sannan ya kira ni in leƙo. Wani damin wayoyi ne kusa da famfon da ke hura jakunkunan iska, tun daga masana'anta ba a ɗaure shi a mazauninsa ba, yana ta gogar ƙarfe har fatarsa ta cinye. In an yi zafi aka haɗa da girgiza sai wayar ta taɓa ƙarfen, kwamfutar motar ta ruɗe ta kashe komai. Famfon ma wahalar ta ƙona shi rabi. Ya ce, "Wannan laifinmu ne, ba na mai ba, ba na tuƙinka ba." Na kira manoman nan na ce ya maimaita a gabansu. Ya harare ni, amma ya maimaita.

Ya naɗe wayar ta yadda motar za ta kai Sakkwato, ya tafi da ita. Suka canja wayoyin da famfon, ba su karɓi komai a hannuna ba, kuma shi da kansa ya dawo mini da ita har ƙofar gida, wai furar gidanmu ce ta dawo da shi. Na gwada ta a kan duk hanyar da na sani mai muni, ba ta ko yi gyatsa ba.

Saura Inna. Na durƙusa na yi bayani, matata ta roƙa, na kawo zancen yayarta. Hawaye suka taru mata, amma ta girgiza kai. Tsoron rufewar ƙofar nan bai bar ta ba, kuma ban ga laifinta ba. Na fito zaure. Bayaraben na shan fura, ya dube ni ya ce in yi masa iso ya gaida tsohuwa.

Yana shiga ya zube rub da ciki irin gaisuwarsu. Inna ta dube shi, ta ce, "Wanga bawan namu daga ina?" Ya ce, "Mama, sallama na zo yi, za ni gida. Tun ina yaro kakata ke gaya mini Gobirawa ba su san gudu ba, maza da mata. To, za ni koma in gaya wa dangi ƙarya ce, don na ga Bagobirar da kujera mai laushi ta kora."

Inna ta kalle shi sama da ƙasa. Sannan ta juya wajen matata ta ce, "Ɗauko min lulluɓina." Ta nuna shi da sandarta, "Kai kuma tashi, kai za ka ja ni. In motar ta mutu, goya ni za ka yi har Tozai."

Haka aka yi. Shi a sitiyari, ni a gefensa, Inna a baya da wata sabuwar atamfa bisa cinya. Da muka kusa wurin da motar ta gurfana, na waiga na ga Inna ta riƙe hannun ƙofa gam. Muka wuce. Ta saki hannun a hankali, ta ce wa direbanta ya daina tafiyar hawainiya.

A Tozai mun tarar da Inna Babba zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta. Inna ta yi sallama. Tsohuwar ta miƙo hannu, ta lalubo fuskar ƙanwarta, ta bi tsagen kumatunta da yatsu tun daga baki har kunne. Ta ce, "Ke ce." Suka rungume juna suna kuka, ni ma na juya baya ina share nawa da hannun riga, ban damu da wa ya gani ba.

Da suka natsu, na ji Inna Babba ta tambaye ta, "Da wanga bayan naki, wa yak kawo ki?"

Inna ta ɗaga murya yadda har na zaure za su ji. Ta ce, "Ɗana yak kawo ni, cikin motatai. Ko girgiza ban ji ba."