Addu'ar Tsallake Darni

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gangara, ba a kashe wutar tuwo don an sauke tukunya. Kaka Kande ce ta hana. Da an kira magariba a masallacin unguwa sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura kara biyu, mu zagaye ta, mu 'ya'yan gida da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suka san inda ake raba soyayyar gyaɗa. Mu Kirista gida bakwai ne a garin. Ni Rifkatu ina aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, kuma ni ce idon Kaka, don ko bihim ba ta sani ba.

Kowace Lahadi da yamma nakan karanta mata aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki. Ɗaya tak. In na zarce zuwa ta biyu sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ƙawata. Ke in kin ga akushi sai kin ga gindinsa. Wagga ta ishe ni mako."

Haka za ta yini da ayar a baki, tana kaɗi tana motsa leɓe. Kafin ta yi addu'a kuma takan zauna shiru, hannu bisa cinya, har mu ɗauka barci ya sace ta, mu riƙa ƙyafta wa juna ido. In ta buɗe baki, addu'ar ba ta kai tsawon gaisuwar safe ba. Gaskiya na raina addu'ar Kaka a lokacin.

A shekarar da aka buɗe jam'iyyu, rediyo ba shi da zance sai na Yamai, babban birnin ƙasarmu, babana Ishaya ya bi wata jam'iyya, ƙanensa Baba Dauda ya bi wata. Wasa-wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Baba Dauda ya kafa darnin kara a tsakar gida, ya ce kafin shuka a raba gandu, kowa ya noma nasa. Gandun nan kakanmu ne ya sare shi da hannunsa, kuma Kaka ta sha faɗin ba za a ja masa iyaka tana da rai ba.

Dattijon majami'a ya hana su zagin juna, sai suka samo wata hanya. Bayan tuwo Baba zai tsaya jikin darni ya ɗaga murya: "Ya Ubangiji, ka ji tausayin ƙananan da suka manta wanda ya goye su." Kafin Inna ta gama amin, sai a ji Baba Dauda daga can: "Ya Uba, ka sauke masu girman kai, ko da sun riga mu zuwa duniya." Matarsa ta amsa amin da ƙarfin da zai tashi kaji. Ni kuwa ina jin daɗi, ina ganin Babana ya fi iya addu'a. Kaka kuwa na lura ta rage cin tuwo.

Wata yamma cikin sanyi ta matsar da kujerarta har jikin darnin. Ta ce ga tatsuniya nan ta iso ƙofa, mu ce mata ta shigo. Muka ce ta shigo, ta sha ruwa.

Ta ce wata yarinya ce ta je ɗiban ruwa tabki da tsakiyar uwarta a wuya, tsakiya guda ja ta dutsen ado wadda aka gada kaka da kakanni. Tana sunkuyawa zare ya tsinke, tsakiya ta faɗa ruwa. Yarinya ta afka, tana lalube da hannu biyu, tana kuka tana kiran Allah da ƙarfi, ruwa kuwa sai ƙara zama kunu yake yi. Akwai wata tsohuwar saniya kwance a gindin gawo tana tuƙa, ta dube ta ta dube ta, sannan ta ce, "Ɗiyar ga, mi kike nema da ƙafafunki duka a ciki? Fito ki zauna." Yarinya ta ce ai roƙon Allah take. Saniya ta ce, "Wanda kike kira ba kurma ba ne. Ni sau ɗaya nike cin ciyawa, in kwanta in dawo da ita in yi ta taunawa, shi ya sa nike da nono. Zauna." Yarinya ta zauna don ta gaji, ba don ta yarda ba. Laka ta kwanta sannu a hankali. Da ta leƙa, abin da ta fara gani fuskarta ce, duk taɓo da majina, har ta ji kunya. Ta daure ta ci gaba da kallo, sai ga jan abu a ƙasa, daidai inda ƙafarta take takawa tun ɗazu. Ta sa yatsu biyu ta ɗauko.

Kaka ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, mai kunne ya riƙe rabonsa. A bayan darni ko motsi babu, alhali mun san Baba Dauda na zaune a wurin. Baba ma yana ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanya.

Da yara suka watse na matso kusa da ita.

"Kaka, ai ke ma habaici kika yi."

Ta yi dariya har da tari. "Na yi, ja'ira. Amma da saniya na yi nawa, ban aiki Allah da shi ba. Wanda ya tsaya gaban Allah idonsa na kan maƙwabci, da maƙwabcin yake zance."

Washegari da lokacin addu'a ya yi, Baba ya ɗauko Littafi, ya karanta aya ɗaya, ya rufe, ya zauna. Muka yi ta jiran ya soma. Inna ta riƙe amin ɗinta a baki har ta gaji. Daga can Baba Dauda ya jefo tasa, ba a mayar masa ba. Kwana na biyu ya jefo rabi ya tsaya. Kwana na uku gida ya yi tsit, sai ƙarar wuta.

A cikin shirun nan Baba ya ji tarin. Baba Dauda ya fi wata yana wani busasshen tari mai fitowa daga ƙirji, mu duka mun saba da shi kamar kukan kaza. Baba ya zauna yana saurare. Can ya miƙe, ya zare kara huɗu daga darnin, ya sa kai.

"Dauda, tun yaushe kake tarin ga?"

"Ya daɗe, Yaya."

"Gobe mu tafi likita a garin Agiye."

Ba su bar jam'iyyunsu ba, sun ci gaba da musu har tsufa, amma a kan akushi ɗaya. An shuka gandu a haɗe a daminar nan da wadda ta biyo, kuma da Kaka ta rasu ba a ja masa iyaka ba tukuna. Baba ya taɓa ce mini abin da ya fi ba shi kunya shi ne wata guda yana ambaton ƙanensa gaban Allah kowace yamma, bai taɓa jin ba shi da lafiya ba.

Yanzu ni ma girma ya fara kama ni, ina da karatun da zan cinye sura goma a zama ɗaya, amma har yau zama shirun nan wuya yake mini. Fuskar da nake fara gani ba kullum take daɗin kallo ba. Bara na yi fushi da ƙanwata Saratu, na durƙusa da safe da jerin laifuffukanta tsaf a baki, sai na ji kamar an ɗaga mini hannu an ce, tsaya nan, ƙawata. Na ɗauki aya ɗaya, na yi shiru. Na daɗe zaune kafin in tuna cewa rabon da in ji muryar Saratu ya kai wata biyar, kuma ban san ko tana tari ba. Na tashi na nemi takalmina.