Ranar da Gwaggo ta tambaye ni abin da nake karantawa

Shekarun baya, lokacin da taki ya gagari talaka, gero kuma ya ƙi yin albarka, ina digiri na biyu a ilimin sararin samaniya. Aikina nazarin hotunan wani gungun taurari ne mai nisan gaske, wanda tsakiyarsa ke ci da haske kamar wutar maƙera. Wata ƙura mai kauri ta yi wa tsakiyar zobe, siffarta nake son ganowa. Sai yajin aiki ya koro ni ƙauyenmu, kusa da Bici.

Ranar sunan ɗan yayata, tsakar gida maƙil da mata, gwaggona ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, wai me kike karantawa ne da ya ƙi ƙarewa?"

Ni kuwa dama jira nake a tambaye ni. Na gyara zama, har da zana zobe a iska. "Wato Gwaggo, wata ƙura ce..."

"Ƙura?"

"Eh, amma ta can sama."

"To ga tsintsiya nan. Ashe mu ma duk 'yan digiri ne!"

Aka kwashe da shewa, har da ni. Sai ta ɗaure fuska. "Uwarki tana tsaye kan tuyar ƙuli-ƙuli ƙafafu sun kumbura, don ki karanci ƙura?"

Wuri ya yi tsit. Na saci kallon ƙafafun mahaifiyata. Silifas ɗinta ya nutse cikin kumburi. Watanni muna kwana ɗaki ɗaya, wallahi ban taɓa lura ba. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da zuba waina.

A hanyar gida, ta tsakanin gonaki, na ce, "Inna, zan ajiye karatun nan in nemi koyarwa."

Ta yi tafiya kaɗan kafin ta ce, "Kin gano siffar ƙurar taki?"

"Tukuna."

"To wa za ki bar wa? Ni?"

Washegari na karɓi tuyar, na ƙona kasko na farko. Da aka janye yajin aikin, Inna ce ta ɗaure mini kayan komawa makaranta.

Na gama, yau ina koyar da abin da aka yi mini dariya a kansa, kuma ba na jin nauyin faɗin sunansa a ko'ina. Amma in na tuna tsit ɗin nan, har yanzu kaina sunkuyawa yake. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa riƙe ta a rai ba. Ba ƙarya ta faɗa ba.