Shekaru Huɗun Balkar Singh

Muna yara a Bathinda, Balkar Singh ne gwaninmu. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma shekara goma sha uku yana buga wa ƙungiyar wani kamfanin taki ƙwallon kwando, kafin ya zama kocinta. Da na dawo daga karatu a Kanada, inda na ga irin gidajen da 'yan wasa ke kwana, na je gaishe shi ina zaton zan tarar da bene.

Ɗaki biyu na tarar. Agogon bango tara a jere, ga tukwanen girki har yanzu a kwalayensu.

"Ladan gasa ke nan, ƙanena," in ji shi. "Ka ci kofi, a ba ka agogo."

Kamfanin bai taɓa biyansa kuɗin wasa ba. Aikin akawu aka rubuta masa, albashin farko rupi dubu ɗaya da ɗari biyu, da alkawarin fansho ran da ya cika sittin. Bara aka rushe ƙungiyar, aka mayar da shi gadin sito, tsayuwar awa takwas a kan gwiwoyin da likita ya ce sun gama aiki.

Na ce, "Ai ka kusa sittin, Yaya."

Matarsa, Jaswant Kaur, ta dangwarar da kofin shayi. "Kusa? Tun watan jiya ya cika! Tambayi takarda ka ji."

Takardar haihuwarsa ta ce hamsin da shida. Yana ɗan sha tara mahaifinsa ya kai wa wani malamin makaranta gwangwanin man shanu, aka rage masa shekara huɗu don ya shiga gasar yara. Kowa haka yake yi a lokacin. A can ya yi ta tsallake kawunan 'yan sha biyar har masu kamfanin suka gan shi. Da wannan takardar suka ɗauke shi.

 Na ce zan rubuta masa wasiƙa zuwa kamfanin a gyara.

"Ji ɗan boko!" in ji Jaswant. "So kake ya ce musu da takardar ƙarya ya ci albashinsu shekara arba'in? Korarsa za su yi, ko rupi ɗaya ba zai gani ba. Agogo za mu dafa?"

"Ke ma kin ji daɗin auren yaro," in ji Balkar.

"Yaro da gemu fari fat!"

Ya yi dariya, sannan ya kama bakin tebur da hannu biyu kafin ya iya miƙewa. Na ji ƙarar gwiwar daga inda nake zaune.

Ban rubuta wasiƙar ba. Kullum da safe Jaswant ke kai shi sito a babur, sandunansa biyu a kan cinya. Da yamma yana koyar da wasa kyauta a filin unguwa, daga kan kujera. Duk uban da ya zo masa da takardar haihuwar ɗansa, ba ya ko buɗewa.

"Koma ka turo min uwarsa," yake cewa. "Ita ta san shekarar."

A takarda, saura masa shekara uku da wata goma sha ɗaya.