Yadda Lasifikokina Suka Kira Azahar da Hantsi

Jama'a, yau na tara masallata a Gyaɗi-Gyaɗi ba da niyya ba!

Na sayi sababbin lasifikoki na falo. Kwana uku ina auna tazararsu da bango, ina rubutawa a littafi. Yau sai gwajin murya. Saboda kamun kai na ƙi sa kiɗa, na sa kiran salla da aka naɗa. Ƙarfe sha ɗaya da minti shida.

Sauti ya fita tas! Na leƙa taga: ana rufe shaguna, 'yan adaidaita sun faka, kowa da buta! Ladaninmu ya fito da kumfar sabulu a ka, yana cewa, "Wa ya karɓe mini aiki?"

Na fita na yi bayani dalla-dalla. Liman ya ce, "Alhaji, shekara nawa tamu ta masallaci tana shaƙewa? Ashe Allah ya kawo mafita!"

Na ce, "Allah gafarta Malam, na falo ne!"

Ya ce, "Jama'a, a sa masa albarka." Aka shafa fatiha.

A shaida, ban ce na bayar ba! Yanzu haka kwamitin masallaci yana ƙofar gidana da baro.